Fitilar goshi: a auna pil kafin a sayi haske

 A wannan mako filin namu zai ajiye manyan maganganu, ya duba wani ɗan ƙaramin kaya wanda bai kai dunƙulen hannu ba, amma ya shiga rayuwar mutanen ƙasar nan ba tare da an yi masa shela ba. Kayan nan shi ne fitilar goshi, wadda ake ɗaurawa a kai da roba domin hannuwa biyu su sami damar aiki. Wanda ya zaga gari bayan sallar isha'i, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, zai gan ta a goshin mai shayi da mai tsire da makanikin babur da mai gadin kanti. Wanda ya fita karkara zai same ta wurin mai ban ruwa a garka, da makiyayi mai duba garke, da sajifam wadda haihuwa ta zo mata da tsakar dare.

Dalilin yaɗuwarta ba ɓoyayye ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, kuma masu ita ɗin sun san halinta a watannin Afrilu da Mayu. Ba a manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take aiko mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rarrabawa, ba a maido ta ba sai cikin Maris na 2024. Ga kuma ramukan zinariya, daga Jado da Cibarakaten a 2014 zuwa Ɗan Isa a 2021, inda dubban samari suka riƙa shiga ƙarƙashin ƙasa da fitila a goshi. Saboda haka ɗan kasuwa ya zuba jari a kanta, ma'aikaci kuma ya ware mata wani abu daga albashinsa. To, amma da yawa ana yin cinikin ne a kan ƙarfin hasken da aka gani a bakin tebur, alhali kuwa alheri da asara duka suna ɓoye cikin pil ɗin da ke bayan ƙwan.

Yadda haske ya yi araha

Manya sun tuna tsohuwar tocila ta ƙarfe mai cin manyan pil biyu ko uku, irin masu kan damisa da ake kawowa daga Gwanzu ta ƙasar Sin. Ƙwanta na da zare a ciki, kuma yawancin ƙarfin pil yana tafiya ne wurin zafafa zaren. Abin da ya zama haske kaɗan ne. Ana auna haske da ma'auni mai suna lumen, kuma kyandir guda na ba da kimanin 12. Ƙwai mai zare kan ba da kamar lumen 10 a kan kowane wat ɗaya da ya ci.

Canji ya zo daga Japan. A 1993 wani injiniya mai suna Shuji Nakamura, a kamfanin Nichia, ya fito da ƙwan LED shuɗi mai ƙarfi, a 1996 aka samo fari daga gare shi. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Ƙwan LED mai kyau na yau yana ba da fiye da lumen 100 a kan wat ɗaya, watau ninki goma na ƙwai mai zare. Da haka fitilar goshi ta ƙanƙance. A farkon shekarun 2000 kamfanin Petzl na Faransa ya fito da wata mai suna Tikka, mai ƙwan LED uku da ƙananan pil uku, nauyinta kimanin giram 70, kuma ita ce aka yi ta kwaikwayo har abin ya iso kasuwanninmu. Ƙwan kansa bai kai ƙwayar wake ba, kuma yana daɗewa ƙwarai. Abin da ke da nauyi, yake ƙarewa, yake cin kuɗi kowane mako, shi ne pil.

Karatun jikin pil

Kafin a yi ciniki, ya kamata mai saye da mai sayarwa su iya karanta abin da ke rubuce. Game da girma, ƙaramin pil shi ne AAA, ana kuma rubuta shi R03, tsawonsa milimita 44 da rabi. Matsakaici shi ne AA ko R6, tsawonsa milimita 50 da rabi. Babban nan na tsohuwar tocila da rediyo shi ne R20. Harafin da ke gaban R shi ke faɗin abin da ke ciki. In R ne shi kaɗai, pil salin ne, mai gawayi da tutiya, mafi araha kuma mafi rauni. In an ga LR, alkalin ne. In an ga HR, mai caji ne na nikel, wanda ake kira NiMH. In an ga FR, litiyom ne wanda ba a yi wa caji. Kirarin da masu ƙira ke zubawa da manyan haruffa a jikin kwali ba ya canza wannan ɗan harafi, shi ya sa shi ne abin dubawa.

Sai lambobi biyu: bolt da mAh. A kwatanta da shato na ruwan famfo. Bolt kamar tsawon shaton ne, shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi. Shi kuwa mAh kamar yawan ruwan da tankin ya ɗauka. Aikin da za a samu ya rataya a kan su biyu, don haka ake ninka su a sami abin da ake kira wat-awa. Pil mai caji AA mai 2000 mAh a kan bolt 1,2 yana ɗauke da wat-awa 2,4. Batirin litiyom mai 2000 mAh ɗin nan a kan bolt 3,7 yana ɗauke da wat-awa 7,4, ninki uku ke nan, ko da yake lambar da mai tebur ya nuna ɗaya ce. Haka kuma in an jera ƙananan pil uku kai da gindi, bolt ɗinsu ne ke haɗuwa ya zama 4,5. mAh yana nan yadda yake na guda ɗaya. Wanda ya ce maka fitilarsa na da 3000 saboda ta ci pil uku masu 1000, lissafinsa bai tafi daidai ba.

Ƙanana uku ko matsakaici ɗaya?

Yawancin fitilun da ke kan tebur suna cin AAA uku, kuma akwai dalili. Farin ƙwan LED na bukatar kimanin bolt 3 kafin ya kama. Pil uku na ba da 4,5, don haka mai ƙira ba ya bukatar komai sai ɗan abin rage ƙarfi, kuɗin ƙira ya yi sauƙi. Sai dai irin wannan fitila haskenta na bin pil: tana farawa da ƙarfi, bayan awa ɗaya ta dusashe, daga nan ta yi ta jan ciki har gari ya waye. Fitila mai cin AA guda ɗaya dole a sa mata ɗan inji mai ɗaga bolt 1,5 zuwa 3, shi ya sa ta fi tsada, amma sau da yawa haskenta na tsayawa daidai har pil ya kusa ƙarewa.

Yanzu a ɗora su kan sikeli. AAA alkalin na da giram 11 da rabi, uku sun kama giram 35. AA alkalin na da giram 23, kuma yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na ƙananan biyu da rabi. Ashe guda ɗaya matsakaici ya kusa kamo ƙanana uku wajen aiki, ya fi su sauƙin ɗauka da kashi ɗaya cikin uku, kuma guda ake saye maimakon uku. Ƙaramin pil kwanonsa da murfinsa sun cinye wuri mai yawa, abin da ya rage wa sinadari kaɗan ne. Don haka mai sayen AAA yana biyan kuɗin ƙarfe fiye da kuɗin wuta. Wani abin lura kuma, a ƙauyen da ya yi nisa da kwalta an fi dacewa da AA a wurin mai tebur, saboda rediyo da tocila.

Akwai wani hali na alkalin da ba a rubutawa a kwali. Lambar da aka ba shi ana samun ta ne in ana shan sa a hankali, kamar a agogon bango. In fitila ta buɗe ƙarfinta duka, ƙaramin pil ba ya iya ba da abin da aka yi alkawari, wani lokaci kashi biyu cikin uku ake samu ko ƙasa da haka. Salin kuwa ya fi shan wahala, domin tun farko abin da ke cikinsa kusan rabin na alkalin ne, kuma ya fi saurin zubar da ruwa ya cinye ƙarfen fitila. Arahar salin gaskiya ce a rediyo, amma a fitila mai ƙarfi araha ba ta ado.

Masu caji

Pil mai caji na NiMH yana shiga wurin AA ko AAA ba tare da an canza komai ba. Ya ɗan fi alkalin nauyi, AA ɗinsa na kaiwa giram 27 zuwa 30, amma yana jure babban haske fiye da alkalin, ana cika shi sau ɗaruruwa, kuma ba kasafai yake zubar da ruwa ba. Tsofaffin irinsa na da aibin tsiyayewa ko ba a taɓa su ba, har a 2005 kamfanin Sanyo ya fito da Eneloop, wanda ke riƙe yawancin cajinsa bayan shekara guda a aljihun tebur. Matsalarsa a wurinmu ita ce sai da na'urar caji tasa ta daban, kuma na gaske ba ko'ina ake samu ba.

Sarkin fagen a yau shi ne batirin litiyom mai caji, irin na wayar salula, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. A fitilar goshi yana zuwa iri biyu. Na farko a manne yake cikin fitila, ba a fitar da shi, ana cika shi da igiyar waya. Waɗannan su ne mafiya sauƙi, wasu ba su kai giram 50 ba duka da robarsu. Amma in ya ƙare da tsakar dare babu abin musanya, sai jira. In kuma ya tsufa bayan shekara biyu ko uku, fitilar ta mutu tare da shi ko da ƙwanta lafiya lau. Na biyu shi ne dogon nan mai lamba 18650, wadda ma'anarta faɗin milimita 18 da tsawon 65. Nauyinsa giram 45 zuwa 50, bolt 3,6 ko 3,7, kuma masu kyau na ɗauke da 2500 zuwa 3500 mAh. Mai 3000 na da wat-awa 11. A taƙaice, ya fi ƙananan pil uku nauyi da giram goma sha kaɗan, amma ya ninka su aiki sau uku in ana son haske mai ƙarfi.

Wasu kamfanoni sun yi dabarar haɗa biyu: fitila mai karɓar batirinta na caji, in ya ƙare a cire shi a sa AAA uku a gurbinsa. Ga mai yawo tsakanin birni da ƙauye, wannan ya fi kwanciyar hankali. Sai a yi hattara da wani mai lamba 14500, wanda girmansa daidai da AA amma bolt ɗinsa 3,7. In an sa shi a fitilar da ba a yi ta dominsa ba, yana iya ƙona ta.

Lissafin shekara

Ɗan kasuwa da lissafi aka san shi, to mu yi. Mu ɗauki mai shayi wanda ke kunna lumen 100 na awa uku kowane dare. Wannan haske na cin kusan wat ɗaya, watau wat-awa 3 a dare. A irin wannan shan, ƙananan alkalin uku abin da za su bayar bai wuce haka da yawa ba, don haka kusan kowane dare sai sababbi. A shekara pil 1095 ke nan, nauyinsu ya haura kilo 12, duka a juji. Shi kuwa mai 18650 na gaske yana kwana uku kafin ya nemi caji, kamar sau 120 a shekara, alhali masu ƙira na ba irin wannan batiri cika 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Kowa ya sa farashin kasuwar garinsu a kan waɗannan lambobi, ya haɗa da abin da mai pano ke karɓa na caji, zai ga inda kuɗinsa ke tafiya.

Lissafin na juyawa ga wanda ba ya kunna fitila sai wuta ta ɗauke, ko mai karatu da ƙaramin haske. Lumen 20 ko 30 sun isa duba littafi, ko nemo abu a ɗaka, ko zuwa masallaci da asuba, kuma a wannan mataki ƙananan pil uku na iya yin darare da yawa. Hasken da ya fi ƙarfi ma yana damun ido in ya doki farar takarda, yana kuma kashe wa abokin magana ido. Saboda haka fitilar da ke da matakai uku, ƙarami da matsakaici da babba, ta fi mai ƙarfi ɗaya tilo amfani, kuma mafi kyau ita ce wadda ke farawa daga ƙarami in an danna.

Abin da wuya ke ɗauka

Giram 50 a aljihu ba komai ba ne, amma a goshi labari ne dabam, domin nauyin yana gaba, yana jan kai ƙasa, musamman ga mai aiki a duƙe. Fitilar da ba ta kai giram 100 ba yawanci ana mantawa da ita a kai. In ta haura 150 kuma duka nauyin na gaba, sai ta riƙa zamewa da gumi, mai ita ya tamke roba, robar ta kawo ciwon kai. Mai 18650 a jikin alminiyom tana tsakanin nan, shi ya sa masu kyau ke da igiya ta uku wadda ke bi ta tsakar kai. Waɗanda suka fi haka nauyi ana mayar da batirinsu ƙeya, ya yi wa ƙwan kishiya kamar mangala a kan jaki.

Masu haƙar ma'adinai sun daɗe da warware wannan. Fitilar hula ta Edison, wadda hukumar ma'adinai ta Amurka ta amince da ita a 1915, ƙwanta ne kawai a goshi, batirin yana ɗaure a ƙugu, igiya ta haɗa su. Waɗanda suka yi aiki a ramin yuraniyom na Akuta kusa da Arlit, kafin a rufe shi a ƙarshen Maris na 2021, sun san irin wannan tsari. Amma batirin ƙeya da igiya su ma suna da aibu: ba a kwanciya rigingine da su ƙarƙashin mota, kuma igiyar ce ke fara tsinkewa. Makaniki ya fi dacewa da mai ƙulli ɗaya a gaba. Mai gadi da mai ban ruwa sun fi dacewa da mai batiri a baya.

Zafi da ƙura

Yawancin waɗannan fitilu an ƙera su ne domin masu hawan duwatsu a ƙasashen sanyi. Namu abokin gaban zafi ne. Masu ƙera batirin litiyom sun kafa iyakar caji a digiri 45, mu kuwa a bazara inuwa kanta na kaiwa nan, balle cikin mota a rufe ko ɗakin kwano. Zafi na tsofar da batiri tun kafin lokacinsa, ya fi muni in a cike yake. Don haka a yi caji da safe ko da dare, a kan siminti ko cikin kwano, nesa da katifa da zana. Wanda ya kumbura, ko ya lotsa, ko fatarsa ta yage, a daina aiki da shi. Kada a jefa 18650 tsirara a aljihu tare da mabuɗai da silalla, domin in ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa yana iya kama wuta a jikin mutum. Wanda za a ajiye da daɗewa a bar shi da rabin caji. Alkalin da salin kuwa a cire su daga fitila in za ta yi wata ba aiki.

Wannan ya shafi ɗan kasuwa tun daga hanya. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa suka koma bin Lome da Burkina Faso, suna daɗewa cikin kamyo a rana. Pil na tsiyayewa a zafi ko ba a buɗe shi ba, don haka duba ranar ƙarewar da ke jikin kwali wajibi ne kafin a sauke kaya. Masu zuwa Dubai da Gwanzu kuma su sani cewa dokar jiragen sama ba ta yarda a zuba batirin litiyom wanda ba ya cikin na'ura a jakar da ke shiga ƙasan jirgi ba. A hannu ake riƙe shi, kuma na kasuwanci yana da tasa hanyar aikawa da takardunta.

Game da ƙura, a duba haruffan IP. In an rubuta IPX4, fitila na jure yayyafi, amma ba a gwada ta da ƙura ba. In an rubuta IP67, ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutso na mita ɗaya har rabin awa. Ga hunturunmu da ramin zinariya, lambar farko ce ta fi muhimmanci.

Cinikin biri a sama

A kasuwa akwai 18650 masu ɗauke da 6800 ko 9900 mAh a rubuce. Manyan kamfanonin Japan da Koriya, da duk iliminsu, nasu ya tsaya wajen 3500. Abin da ya ninka haka fenti ne kawai. Wasu tsofaffi ne da aka ciro daga batirin kwamfuta aka sa musu sabuwar riga, wasu kuma ƙaramin batiri ne aka ɓoye cikin babban kwano. Gwajin farko yana hannun kowa: sikelin masu zinariya. Wanda ya nuna giram 25 ko 30 maimakon 45, an gama magana. Nauyi shi kaɗai ba ya wanke batiri, tun da ana iya cika kwano da abin da ba sinadari ba, amma rashin nauyi yana kama shi.

Haka awoyin da ake rubutawa. Ƙa'idar da manyan masu ƙira ke bi tun 2009, mai suna FL1, tana ƙirga lokaci har sai haske ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Fitilar da aka ce lumen 300, awa 20, tana iya yin yawancin awoyin nan da hasken da bai fi na kyandir uku ba, kuma mai ƙira bai yi ƙarya ba. Babbar lambar lumen kuma sau da yawa ta ƴan mintoci ce, daga nan fitila ta rage da kanta saboda zafi. Gwajin ɗan kasuwa shi ne ya ɗauki guda daga kwali, ya kunna ta a matsakaici bayan magariba, ya duba ta bayan awa ɗaya, da bayan uku, da asuba. Dare ɗaya na gwaji ya fi asarar kwali ɗari, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kowa da tasa

Ga ma'aikacin birni mai jiran dawowar wuta, ƙarama mai cajin igiyar waya ta isa, in dai yana cika ta sau ɗaya a wata. Ga malamin lakwal ko ma'aikacin gona da aka tura ƙauyen da babu pano, mai cin AA ta fi, ko mai haɗa biyu. Ga mai aikin dare kullum, 18650 na gaske guda biyu, ɗaya a kai ɗaya a caji. Ga sajifam da likitan karkara, abin nema shi ne batirin da ake musanyawa cikin daƙiƙa kaɗan, da fitilar da ke gargaɗi ko ta koma ƙaramin haske kafin ta mutu, domin masu tsayayyen haske wasunsu na ɗaukewa gaba ɗaya ba sallama, kuma jinin mai haihuwa ba ya jiran caji. Ga mai shiga rami, fitila ɗaya daidai take da babu. Ta biyu, ko ƙarama ce, ta kasance a wuya, tun da ba a fafa gora ranar tafiya.

Ma'aikatan da ke rubuta odar kayan asibitoci da makarantu suna da nasu alhakin. In takarda ta ce fitilar goshi kawai, mai kawo kaya zai kawo mafi araha, kuma yana da gaskiyarsa. A rubuta irin batiri, da nauyin fitila, da awoyin da za ta yi a lumen nawa, da cewa za a haɗo da na musanya. Ɗan kasuwa kuma ya tuna cewa mai tebur da ya sayar da fitila mai kyau ya sami mai sayen batiri na shekaru, wanda ya sayar da ta bogi kuwa sau ɗaya zai ga mutumin.

Sauran matattun pil. Ba a ƙona su, ba a zuba su kusa da rijiya, ba a bar wa yara su fasa. Baƙin garin da wasu ke cirowa don shafe allon aji sinadari ne mai manganis, bai kamata ya hau hannun ɗalibi ba. Mafi haɗari su ne ƴan faifan nan masu kama da silalla, irin CR2032 na ƙananan fitilu: in yaro ya haɗiye ɗaya ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona shi cikin awa biyu, don haka asibiti ake nufa nan take. Kafin magadan gari su tanadi wurin tara su, kowane gida na iya ajiye gwangwani mai murfi a inuwa, a manne bakin na litiyom da salatif kafin a jefa.

Allah ya ba mu haske mai amfani, ya sa albarka a kasuwa da albashi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.